Ranar da Mami Ta Kwance Ɗankwali

'Yan uwa masu bibiyar labarina, sallama gare ku. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce in daina ja muku rai, in faɗa kawai ko na ci jarrabawar ko ban ci ba. Ki yi haƙuri 'yar uwa. Gashi ma daga baki ake fara taje shi kafin a kai tushe, in ba haka ba sai ya karye. Saboda waɗanda yau suka fara shigowa, bari in ɗan koma baya.

Sunana Sa'adiya, a Kubwa muke zaune. Na gama jami'a, na yi bautar ƙasa, na zauna a gida ina jiran aikin da ya ƙi zuwa. Da zaman ya ishe ni sai na shiga makarantar koyon gyaran gashi da kwalliya ta Madam Christiana, nan bayan layinmu. Na shiga ne don rage zaman banza, sai na tarar abin da hannuna yake so ke nan tun farko.

Abbana ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, ya kusa ritaya. Sunan mahaifiyarsa na ci, saboda haka tun ina jaririya bai taɓa kirana da wani suna ba sai Mamana. Amma daga ranar da ya gan ni na dawo da farar rigar aiki a jaka, sai na koma "ke". Ke, kawo ruwa. Ke, rufe ƙofa. Wanda bai san mu ba ba zai ga komai a ciki ba, ni kuwa kullum sai ya soke ni.

Wata rana ya zaunar da ni a falo, ƙarƙashin bangon da ya rataye takardar digirina, ya ce, "Na biya miki jami'a don ki riƙa wanke kawunan mutane? Wane gidan kirki ne zai zo neman auren mai wankin kai?"

Na ce, "Abba, sana'a ce. Har jarrabawar gwamnati ake yi a ba mutum takardar shaida. Manyan wuraren gyaran jiki na Maitama ba sa ɗaukar wadda ba ta da ita."

Ya dube ni ta saman tabarau. "To ni takarda na sani. Ki kawo mini ita da hatimi, in bar ki. Idan kika faɗi, akwai kujera a ofishin abokina, za ki je ki zauna a kanta, kuma maganar ta mutu."

Na amsa da to. Na ci jarrabawar rubutu. Saura ta aikin hannu, wadda in ka faɗi sai wata shekarar, ni kuma ba ni da wata shekarar.

Ga yadda ake yin ta. Kowace mai jarrabawa za ta zo da mutuniyarta, ta yi aikin a kanta a gaban mai dubawa. A cikin abin da aka ce za mu yi akwai sa man miƙar da gashi, wanda muke ce wa rilaksa. Don haka dole kan da za ki kawo ya kasance ya yi sabon toho, ba a daɗe da wanke shi ba kuma ba a sosa shi ba. Ƙawata Precious, 'yar Jiwa, wadda muka yi bautar ƙasa tare, ita ta yi mini alkawarin nata. Ta daɗe tana tara mini shi kamar mai kiwon ragon layya. Duk sanda muka haɗu sai na ɗaga hularta na leƙa, ta ce, "Oga, gonarka yana nan lafiya."

Safiyar ranar na goge farar rigata har tana ƙyalli. Na sa doguwar riga ruwan toka a ciki, da ƙaramin hijabi wanda ba zai sauka cikin ruwa ba. Na jera kayana a akwati: matazai manya da ƙanana, safar hannu, tawul farare, man kare fatar kai, kwano da buroshi, almakashi. Ina cikin rufe akwatin waya ta yi ƙara. Precious ce, muryarta kamar ta wadda ta fasa tulun kakarta.

"Sa'a, ka yi haƙuri, na yi ɓarna."

"Me ya faru?"

"Antina ya zo daga Suleja jiya. Lahadi muna da bikin godiyar girbi a coci, ya ce kaina kamar gonar da ba a nome ba, zan kunyata shi a gaban mata. Ya zaunar da ni ya sa mini rilaksa. Na faɗa masa, wallahi na faɗa masa, bai ji ba."

Na zauna a bakin gado. Ban yi mata faɗa ba, don na san antin nan tata, ko fasto ba ya ja da ita. Na ce ba komai, na kashe wayar.

Umma na tsaye a ƙofa ta ji komai. Ta taɓa kanta ta ce, "Da nawa zai yi da na bi ki. Amma kin san gashina bai taɓa ganin man nan ba, ga shi shekaranjiya kika kitsa mini." Abba yana falo yana shan shayi. Bai ɗago ba, ya ce, "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri." Na san wane alherin yake nufi, mai kujera da fanka.

Sai na rubuta wa Al-Amin.

Ga sababbin shigowa: Al-Amin shi ne wanda yake nemana. Yayan Ameera ne, wadda nake yi wa kitso, a nan ya fara ganina lokacin da ya zo ɗaukarta. Yana aiki a wata hukuma a cikin gari, mutum ne mai sanyin magana da yawan zolaya. Manya ba su shiga maganarmu ba tukuna. Mahaifiyarsa, wadda suke kira Mami, sau ɗaya na taɓa ganinta. Na durƙusa na gaishe ta, ban ga komai nata ba sai takalmi.

Na rubuta: "Precious ta sa rilaksa. Ba ni da kai."

Ya amso nan take: "Ni ina da guda ɗaya, amma jiya na yi aski."

"Ba wasa nake ba."

"Na sani. Ki kama hanya, zan kawo miki Ameera."

Na hau motar haya daga Kubwa, akwati a cinya, ina ta salati har muka shiga gari. Na isa cibiyar da ake jarrabawar na tarar kowace ɗaliba da mutuniyarta a gefe, wasu da ƙanne, wasu da maƙwabta. Ni kaɗai nake tsaye da akwati kamar wadda mota ta bari. An fara kiran suna sai ga motar Al-Amin ta shigo. Na nufe ta da sauri. Ya fito bai dube ni ba, ya zagaya ya buɗe ƙofar baya.

Takalmin na fara ganewa.

Mami ta fito cikin leshi ruwan zuma, da mayafi mai duwatsu, awarwaron zinare suna ƙara a hannunta, ƙamshin turaren wuta ya riga ta isowa. Ɗaurin ɗankwalinta ya tsaya cak kamar an auna shi. Mami leshi da atamfa take sayarwa a kasuwar Wuse, kuma ko ba a faɗa maka ba tafiyarta za ta gaya maka ta saba a ba ta hanya. Na zube a ƙasa ina gaisuwa.

"Tashi, tashi, za ki ɓata farar rigar. Ke ce mai neman kai?"

Al-Amin yana sosa ƙeya ya ce, "Ameera ashe jiya ta yi ƙananan kitso. Muna cikin magana Mami ta ji."

"Na ji an ce kyauta ne," in ji Mami, "ni kuma 'yar kasuwa ce, ba na barin kyauta ta wuce. Dama Asabar akwai bikin 'yar ƙawata, lokacin gyaran ya yi. Kuma ina so in ga hannun da ya hana ɗana cin abinci a gida." Ta juya wajensa. "Kai kuma tsaya a nan, ba wurin maza ba ne."

'Yan uwa, ku da kuka san kunyar surukai, ku auna. Matar da ban iya kallon idonta ba, yau ita zan kwance wa ɗankwali in sa yatsu a cikin gashinta.

An ware ɓangaren mata da labule mai kauri. Kujeru a jere, madubi a gaban kowace. Mai duba mu wata mata ce gajera mai suna Misis Simon, tabaranta na rataye da sarƙa a wuya, ba ta dariya ba ta kuma ɗaure fuska. Hausarta irin ta Abuja ce, kowa "kai" ne a wurinta. Ta ce, "Kowa ya san aikinsa. Ba na son surutu, ba na son gudu. Ku fara."

Mami ba ta gama zama ba matar da ke kujerar gefenmu, wadda wata ɗaliba ta kawo, ta leƙo. "A'a, Hajiya mai leshi? Ke ce a nan?" Ashe mai sayen kayanta ce. Suka gaisa, Mami ta ƙara gyara zama. Na lura da hakan, na ajiye a raina.

Na yafa mata tawul, na ce a hankali, "Mami, zan kwance."

"Kwance mana."

A nan zan ɗan tsaya, saboda ƙannena masu son shiga wannan sana'a. Kafin ki buɗe kowane mai, abu uku ake yi: ki tambaya, ki duba, ki gwada. Madam Christiana takan ce, "Kai ba tukunya ba ne, in ya ƙone ba a sayo wani a kasuwa." Mukan yi dariya in ta faɗa. Ranar ban yi dariya ba.

Na tambaya. "Mami, ko akwai abin da aka shafa wa gashin kwanan nan? Rini, ko lalle?"

Ta amsa da ƙarfi yadda ta gefe za ta ji. "Ni? Gashina haka Allah ya yi shi. Mu a danginmu ba ma furfura da wuri."

Na ce to. Na ɗauki mataji na tsaga.

Baƙin gashin ya yi yawa. Baƙi ne irin na gawayi, ba ya ɗaukar haske, kuma ya bushe kamar tsintsiya. A can tushe, kusa da fata, ga fari yana leƙowa. Na sunkuya kamar ina gyara tawul na shaƙa, sai na ji warin da na sani, na baƙin lallen nan na kwali da ake sayarwa a kasuwa, wanda iyayenmu suke rufe furfura da shi. Na ci gaba da tsagawa har tsakiyar kai. A nan hannuna ya tsaya. Akwai wuri kamar faɗin tafin hannu da gashin ya zube, saura 'yan siloli, fatar ta yi ja, da ƙananan ƙuraje. An taje gashin gefe an kwantar a kai da dabara, irin dabarar wadda ta daɗe tana yi ita kaɗai a gaban madubi.

Ban san lokacin da na matsa na tsaya tsakaninta da matar gefe ba. Na ja tawul na rufe wurin.

Saura gwaji. Na yanki 'yan siloli daga ƙeya, na sa su a ƙaramin murfi, na shafa musu rilaksa, na jira. Da na ja su da yatsa sai suka miƙe suka tsinke kamar taliyar da ta wuce dahuwa.

Na duba hagu da dama. Kowacce ta yi nisa, buroshi na ta kai da kawowa, warin mai ya cika ɗakin. Nawa kwanon yana nan cike. Zuciyata ta ce, ki sa kaɗan mana, ki kauce wa tsakiyar, ki wanke da wuri, wa zai sani? Ita da bakinta ta ce ba ta shafa komai ba. Na hango kujerar ofishin abokin Abba, na hango fankar. Sai kuma na hango Mami ranar Asabar, ta tashi ta ga gashinta a kan matashi.

Na durƙusa a gefen kujerarta, na kai bakina kusa da kunnenta.

"Mami, ki gafarce ni. Ba zan iya sa miki man nan yau ba."

Ta dube ni ta madubi. "Saboda me?"

"Gashin ya sha baƙin lalle. In man ya hau kansa zai karye. Kuma tsakiyar kan akwai ciwo, zai ƙona ki."

Na ga wuyanta ya ƙage. Ta yi ƙasa da murya, amma kowace kalma da kaifinta. "Ke yarinya, taimakonki na zo yi ko wa'azi na zo ji? Duk salun ɗin gyaran gashin da nake zuwa suna sa mini. Ya yi zafi in daure, a wanke, in biya in tafi. Ke kin fi su ne?"

"Ban fi su ba, Mami."

"To sa."

"Ba zan iya ba."

"An ce mini in kika faɗi babanki zai raba ki da sana'ar."

"Haka ne."

"Kuma kin sani kike gaya mini haka?"

"Na sani, Mami."

Ta kawar da kai.

Sai ga ƙarar takalmin Misis Simon. Ta tsaya a kaina, ta dubi kwanon, ta dube ni. "Kai, me ya sa ba ka fara ba? Lokaci yana tafiya."

Na miƙe. "Madam, ba zan sa wa wannan kan rilaksa ba yau."

Ido ya dawo kaina. Har matar gefe ta juyo da mai a rabin kanta.

"Dalili?"

Da na faɗi dalilin a fili, da na wanke kaina a gaban kowa. Amma kafin Asabar duk layin masu leshi na Wuse sun ji. Na ce, "In kin yarda, Madam, ki matso in nuna miki."

Ta sa tabarau ta matso. Na miƙa mata murfin gwajin, ta taɓa silolin. Na ba ɗakin baya, na ɗaga gefen tawul kaɗan yadda ita kaɗai za ta gani, na mayar. Ta ɗago ta dube ni.

"Ka san in ba ka yi wannan sashe ba, ba ni da abin da zan ba maki a kai?"

"Na sani, Madam."

Ta yi rubutu a takardarta, ta wuce.

Shi ke nan, na ce a raina, an gama. Hawaye ya taho na mayar da shi, don ba a kuka a kan wadda ake yi wa gyara. Tunda dai kan yana hannuna, na ƙudura ba zai tashi yadda ya zo ba. Na rufe kwanon rilaksa na ture shi gefe. Na kai Mami wurin wanki, na daidaita ruwa ya yi ɗumi, na wanke da sabulun gashi mai sanyi, da tafin yatsu ba da farce ba, ina zagaye wurin ciwon. Da farko wuyanta a sandare yake. Can sai na ji nauyin kanta ya sauka gaba ɗaya a hannuna. Ta lumshe ido.

Muna dawowa kujera matar gefe ta kasa haƙuri. "Hajiya, ke ba a sa miki man ba?"

Na riga Mami amsawa. "Gashin Mami hutu yake so yau. Wani gyaran daban zan yi mata."

"Ikon Allah, masu leshi komai nasu daban ne," in ji matar, ta koma ga madubinta. Mami ta ɗago ido ta dube ni ta madubi, kallo ɗaya, ta sauke.

Ina cikin tsane ruwan sai aka dire wani kwano a gabana. Misis Simon ce. Man laushin gashi ne a ciki, fari, mai kauri, wanda ba ya ƙona komai.

"Raba kan gida huɗu," ta ce. "Ka ɗauka wannan shi ne rilaksa. Ina so in ga hannunka."

Na sa safar hannu. Na shafa man kariya a goshi da bayan kunne da ƙeya. Na raba kan, na bar tawul a kan tsakiya, na fara daga baya, layi bayan layi, a kan sabon toho kaɗai, ban taɓa fata ba. Tana tsaye tana jefo tambayoyi. In mutum ya ce yana jin zafi fa? In ya shiga ido fa? Da wane sabulu za ka kashe ƙarfin man? Ina amsawa hannuna bai tsaya ba. Ban taɓa jin yatsuna sun san hanya kamar ranar ba. Duk kawunan da na wanke a makarantar Madam Christiana, duk tsayuwar da ta kumbura mini ƙafa, ranar suka biya ni.

Na wanke, na busar da iska mai sanyi. Sannan na yi mata shuku mai manyan layuka, sako-sako, ban ja gaban goshi ba, na tattara jelar a tsakiya na naɗe ta yadda ta zauna a kan wurin kamar dama don ado aka yi. Da na gama na riƙe ƙaramin madubi a bayanta. Ta duba ta dama, ta duba ta hagu. Ta kai hannu ta taɓa tsakiyar a hankali.

Na ce ƙasa-ƙasa, "Mami, akwai likitocin fata da suke duba irin wannan. In aka huta da lallen aka samu magani, sau da yawa yana dawowa."

Ta ɗauki ɗankwalinta ta ɗaura.

Ina haɗa kaya Misis Simon ta zo wucewa. Na yi ƙarfin hali na ce, "Madam, don Allah, ya ake ciki?"

"Ba a yarda in faɗa maka ba. Sakamako zai fito da takarda." Ta cire tabaran ta sake shi a ƙirji. "Shekara nawa ina wannan aiki, yara suna ƙona kan mutane don su gama kafin lokaci. In kana hanyar gida, ka tsaya ka tambayi kuɗin firam, wanda ake sa takarda a rataye a bango."

Ta wuce abinta.

A mota Al-Amin yana ta leƙen mu ta madubi. "To, ya aka yi? Mami, an gyara ki?"

"Tuƙa," ta ce.

Muka kama hanya har Kubwa. Da na sauka na durƙusa a bakin ƙofar motar na yi godiya, ta ce "uhm", tana kallon gaba. Murnar da na ɗauko daga cibiyar ta ragu rabi. Amma ko a lokacin, da za a mayar da ni ɗakin nan, abin da na yi shi zan sake yi.

Bayan la'asar Abba ya dawo daga masallaci ya zauna a falo. Na zauna a ƙasa na ba shi labari tun daga wayar Precious. Ciwon kan Mami kaɗai na ɓoye, na ce dai gashin ba zai ɗauki man ba. Ku ma da na faɗa muku, sai da ta ba ni izini daga baya, kuma wannan wani labarin ne.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Uwar yaron da kanta ta ce ki sa."

"E, Abba."

"Kika ƙi."

"E."

"Kina sane da sharaɗina."

"Ina sane."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. "Shekarun da na yi a ofis, na ga masu digiri uku da ba su iya ce wa na sama da su a'a ba." Ya mayar da tabaran. "Amma fa ban ga takarda ba tukuna."

"Za ta fito, in sha Allah."

Ya tashi ya shiga ɗaki, na ji yana buɗe durowa. Ya fito da ƙusa a hannu, ya tsaya gaban bangon da digirina yake, yana auna gefensa da tafin hannu. Umma ta leƙo daga kicin da ludayi.

"Alhaji, me za a rataya?"

"Ƙusa ce kawai, ba ta nufin komai." Bai juyo ba ya miƙo hannu baya. "Mamana, miƙo mini guduma."

Na je na ɗauko. A hanya na tsaya a bayan ƙofa na goge fuskata da hijabi, don kada ya gani ya fasa. Ya buga ta ta zauna daram, daidai tsayin ɗayar. Tana nan yanzu haka da nake muku rubutu, ba komai a jikinta, kuma duk gidan ba abin da nake kallo kamarta.

Na koma ɗaki na tarar da saƙonnin Al-Amin a jere.

"Me kika yi wa Mami?"

"Tun da muka dawo ta shige ɗaki ta rufe."

"Ameera ta leƙa ta taga, wai tana zaune gaban madubi ba ɗankwali. Mu fa tun muna yara ba mu taɓa ganin kanta a buɗe ba."

"Sa'a, ki amsa mana."

Ina tunanin abin da zan rubuta masa sai wani saƙon ya shigo, na murya, daga lambar da ban sani ba. Na kai wayar kunne.

"Sa'adiya, ni ce." Karo na farko ke nan da na ji sunana a bakinta. "Na zaga salun na garin nan kaf, ban taɓa samun wadda ta ce mini a'a ba sai ke. Ban gama yanke ko haushinki nake ji ba. Ki faɗa wa Ummanki gobe da hantsi ina nan tafe. Kuma ki ce Alhaji ya jira ni kada ya fita, don maganar da shi zan yi ta."

Na sake saurara. A al'adarmu baffanni ake turowa wurin uban yarinya, uwar yaro ba ta zuwa da ƙafarta. Na fito falo da wayar a hannu. Abba yana tsaye har yanzu gaban bangon, ya ja baya kaɗan yana duba ko ƙusar ta miƙe.

"Abba," na ce, "gobe kana da baƙuwa."